Kwamfutar Attaher

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku ba ni kunnuwanku. Jiya ɗayanku ya zo yana cika baki, wai ya ɗauki shafin intanet na kantin kawunsa ya mai da shi manhajar kwamfuta kafin shayi ya tafasa, kuma wai tana tashi a kan kowace irin na'ura. Madalla, Allah ya ƙara basira. Na tambaye shi abin da manhajar za ta yi in rezo, wato layin intanet, ya ɗauke. Sai ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce, "Baba Laminu, ai yanzu rezo ba ya ɗaukewa." Yaron da aka yanke wa cibiya a Arlit ne ya faɗi haka da bakinsa. To, tunda kun ce sana'ar nan danne-danne ce kawai, bari in ba ku labarin yadda muka danna tamu.

Daga Damagaram na zo garin nan, da ƴar takardar makaranta wadda ba ta isa kamfanin haƙar ma'adini ya kalle ni sau biyu ba. Na faɗa hannun Malam Yohanna, Kirista mutumin Maradi, wanda ya fara da gyaran injin buga takardu, da zamani ya juya shi ma ya juya. Yana da shago a bayan tasha, kwamfuta huɗu a ciki, da allo a waje an rubuta sibar, wato gidan shiga intanet. Shekarar farko ko harafi ban rubuta ba. Kayan aikina famfon keke ne da buroshin aski. In buɗe cikin kwamfuta, in hura, in share, in rufe, gobe in sake, domin rairayin Arlit ba ya sallama kafin ya shiga. Wutar lantarki kuwa tana tasowa daga gawayin garin Cirozerin ta wuce ta kanmu zuwa wurin haƙa, mu mutanen gari mu samu ƙanzo. Shi ya sa na iya gyaran gurup, wato janareta, kafin in iya gina manhaja.

Da ya fara koya mini rubuta shafi, yana da wata al'ada mai ban haushi. Duk abin da na gina, ba zai kalli kyansa ba. Sai ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya zare igiyar rezo, ya miƙe yana lilo da ita kamar ya kamo ɓera ta wutsiya, ya ce, "To, ɗan nan, nuna mini." Abin da na yi mako ina gini sai ya koma farin allo. Ya ce, "Wannan ka gina wa mutanen Turai. Yanzu koma ka gina wa mutanen Arlit."

Ana haka sai yuraniyom ya yi daraja a duniya, hamada ta cika da baƙi. Kowa da takardar izininsa da taswirarsa: Sinawa, mutanen Kanada, Indiyawa, da wasu da su kansu ba su san inda ofishinsu yake ba. Mai shayi ya zama mai ba kamfani shawara. Duk wanda ya mallaki kat-kat, motar shiga rairayi, ya zama ɗan kwangila. A daidai lokacin kuma tawaye ya sake tashi a kan duwatsu, aka fara binne nakiya a hanyoyi, motar Agadas ba ta tafiya sai cikin ayari da rakiyar soja. Baƙi suna zumuɗin abin da ke ƙarƙashin ƙasa, mu muna tsoron abin da ke ƙarƙashin taya.

Aikin da ya fito da ni ya zo daga wani ƙaramin kamfanin bincike. Ba zan kama sunansa ba, ya ma daɗe da mutuwa. Suna da sansanoni a kudu, wajen Imuraren, inda suke huda ƙasa suna auna abin da ya fito. Shugabansu Bature ne, muna ce masa Mushe Bit-bit, Mushe wato malam a bakin Faransawa, Bit-bit kuwa domin kalmar "maza-maza" ta Faransanci ba ta barin bakinsa. Kamfanin yana da shafi a intanet wanda aka gina musu a ƙasar waje, inda kowane ma'aikaci zai shigar da zurfin rami da irin dutsen da aka samu. Shafi kyakkyawa, shuɗi da fari. Aibinsa ɗaya ne: sansanonin ba su da rezo sai na wani faranti mai kallon sama, wanda ke aiki ranar da ya ga dama. Ma'aikaci zai ɓata safiya yana cika shafi, ya danna aikawa, iska ta girgiza faranti, komai ya bi ruwa.

Mushe Bit-bit ya shigo shagonmu yana share zufa. Ya ce, "Ina so shafin nan ya zauna cikin kwamfuta, ko da rezo ko babu. A kan kowace kwamfuta. Wa zai iya?"

Malam Yohanna ya nuna ni da haɓa. Ni kuwa ranar ko sunan abin ban sani ba.

A lokacin ne wani sabon inji ya fito, kakan waɗanda kuke wasa da su yau. Manhaja ce da kake girka wa kwamfuta sau ɗaya. Bayan nan sai ka ɗauki shafinka yadda aka rubuta shi, ka naɗe shi a ƙunshi guda, ka miƙa wa injin. Shi zai ba shafin tagarsa, da ɗan tambari a kan allo, da rumbu cikin kwamfutar inda zai tara abin da aka rubuta har rezo ya dawo. An ƙera injin iri uku, na Windos, na Mak da na Linuks, saboda haka ƙunshinka ɗaya ne, injin ke yin tafinta. Masu tallarsa sun rantse in ka gina sau ɗaya ka gama, zai yi aiki ko'ina a duniya. Duniyar tasu dai ba ta kawo Arlit ba. Sauko da injin kaɗai daga intanet ya ci mini kwanaki. Yana dab da gamawa kuran, wato lantarki, zai ɗauke, a koma farko. Da na samu ya sauko, na zuba iri ukun a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, na rataya a wuya kamar laya, ko wanka ban yarda na yi nisa da shi ba.

Kamfanin kuwa marowaci ne, bai saya wa kowa kwamfuta ba, kowa da tasa yake aiki. Mushe da Mak ɗinsa mai sheƙi. Wani Ba'indiye masanin duwatsu da Linuks, wanda yake ganin duk wanda ba ya amfani da ita bai waye ba. Mutanenmu kuma da tsofaffin da ƴan kasuwar Kano ke kawowa, ko waɗanda suka shigo ta Assamakka a ƙarƙashin buhunan taliya. Kowace sai na zauna gabanta na lallashe ta. Wata ba ta da wurin ajiya, wata ƙwayoyin cuta sun yi mata gari a ciki, wata in ka buɗe ta sai ƙwaro ya fito.

Na tuna kwamfutar wani ɗan Sin mai tuƙa injin huda. Komai a cikinta da rubutunsu yake, ban iya karanta ko "e" ko "a'a" ba. Da wurin zaman maɓalli na girka injin, ina danna na dama ina addu'a. Ta tashi lafiya, na yi murna. Ashe matsalar tana gaba. Yadda na tsara abin, in rezo ya dawo kowace kwamfuta za ta aika abin da ta tara, in mutum biyu sun taɓa rami ɗaya, wanda ya rubuta daga baya shi ke da gaskiya. Sai aka wayi gari duk abin da Ba'indiyen ya gyara, washegari ya koma yadda ɗan Sin ya bar shi. Har sun daina gaisawa. Ba'indiye ya ce ana yi masa zagon ƙasa, ɗan Sin bai ma san ana yi ba. Na bincika rubutuna har idanuna suka yi ja, ban ga komai ba. Ranar da na gano, ina zaune ne kusa da ɗan Sin da rana tsaka muna cin gyaɗa, idona ya faɗa kan agogon da ke kusurwar allonsa. Agogon ya ce magariba ta wuce. Mutumin bai taɓa canza lokacin garinsu ba, don yana so ya san sa'ar da ƴarsa ke dawowa daga makaranta. Kullum shi ne na baya, kullum shi ke da gaskiya. Daga ranar na daina yarda da agogon kowace kwamfuta, kuma ban taɓa masa nasa ba.

Amma ga abin da nake so ku riƙe, ku masu naɗe shafi kamar ana naɗe tsire. Muddin shafi yana cikin manhajar buɗe intanet, baƙo ne a zaure. Zai gaisa, zai sha ruwa, ba zai leƙa cikin gida ba. Ranar da ka naɗe shi ka girka a kwamfuta, ka shigo da shi tsakar gida ke nan. Yana iya buɗe kowane ɗaki, ya karanta kowane fayil, ya tashi da kansa in an kunna na'ura. Shi ya sa injin ba ya karɓar ƙunshi sai da hatimi. Hatimin ɗan ƙaramin fayil ne mai kalmar sirri, ɗauke da sunan wanda ya yi ginin. In na buga hatimina a kan manhaja, duk gyaran da na aiko daga baya kwamfutocin za su haɗiye ba tambaya. In wani ya aiko da hatimi daban, su tofar. Malam Yohanna ne ya tsaya mini na samu nawa da sunana. Ya ce, "Shafi na kamfani ne. Wannan kuwa sunanka ne, suna ba a ba da aronsa."

A sansani na can ƙarshe na san Attaher. Ba'abzine ne, dogo, ya yi karatu a Agadas, shi ke shigar da bayanan ramuka. Kwamfutarsa tsohuwa ce, an ɗaure murfinta da roba. Hausarsa irin tasu ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Zai tare ni tun daga mota, "Laminu, kwamfuta nawa ya yi fushi yau." Ban taɓa samun mai hulɗa kamarsa ba. Sauran in ka tambaye su me ya faru, sai su ce "ta lalace", kamar likita ya tambayi marar lafiya ya ce "jikina ne". Attaher kuwa zai gaya maka abin da ya danna, da abin da ta ce, da abin da ya sake dannawa. Rabin gyare-gyaren manhajar nan daga bakinsa suka fito.

Ina girke-girkena yana dafa shayi, in ya gama sai ya buɗe mini hotuna. Raƙuman gidansu, rijiyarsu, bikin ƴar'uwarsa. A kusan kowane hoto akwai wani saurayi mai faɗin baki, ko yana dariya ko yana rungume da gita. Ya ce ƙanensa ne, Sidi. Na tambaye shi inda yake yanzu. Ya zuba shayi daga sama, ya jira kumfa ta kwanta, sannan ya ce, "Ya hau dutse." Ban sake tambaya ba. A shekarun nan kowa ya san abin da ake nufi da hawa dutse.

Shekarar da ta ɓaci kuwa, da tankar mai ta fara. An tare tankar kamfanin a hanyar sansani, aka sauke shofer daga sitiyari ba a taɓa shi ba, aka tafi da mota da man. Kamfani ya ce lallai da hannun ɗan gida. Suka ɗauko wani tsohon mai kaki da ya yi ritaya suka ba shi tsaro. Kumandan muke ce masa, ko ya taɓa kai wannan muƙami, oho. A lokacin akwai dokar da ta ba masu kaki damar ɗaukar mutum su ajiye shi ba tare da alƙali ya ga fuskarsa ba. Hoto a waya ya isa a ɗauke ka. Waƙa ma ta isa.

Kumandan ya kira ni ofishinsa, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi. Tun daga lemon na san da magana.

Ya ce, "Malam Laminu, an ce manhajarka tana kan kowace kwamfuta a kamfanin nan."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"An ce kuma tana iya ganin abin da ke cikin kwamfuta."

"Ramuka take gani."

"Ban tambaye ka abin da take gani ba. Tana iyawa ko ba ta iyawa?"

Na kurɓi lemon, shi kuwa ya ɗauki hakan a matsayin amsa.

Ya ce, "Ina so ta duba mini hotuna da takardu da waƙoƙi. In rezo ya zo ta turo mini sunayensu a ɓoye. Ka aika kamar gyara ne, ba wanda zai sani."

Ku masu son aiki mai sauƙi, ga shi nan. Tun da na shiga sana'ar nan ba a taɓa ba ni aiki mai sauƙi kamarsa ba. Ƴan layuka ne, kafin la'asar na gama, in buga hatimi, kwamfutocin su haɗiye. Na ce masa zan duba. Shi ma Bahaushe ne, ya san ma'anar "zan duba".

Bayan ƴan kwanaki ya sake kirana, wannan karon Mushe Bit-bit yana zaune. Na ce musu mutanen nan kwamfutocinsu ne na kansu, da kuɗin guminsu suka saya, sun buɗe mini ne don sun ga sunana a kan manhajar, kuma ramuka na ce musu za ta ƙirga. Mushe ya ɗaga kai yana nazarin silin kamar a can yuraniyom ɗin yake. Ya ce tsaro ba sashensa ba ne, a dai gama bit-bit.

Kumandan ya ce, "Kai mutumin Damagaram ne. Me ya haɗa ka da Buzaye?"

Na ce, "Shayi, ranka ya daɗe."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "To ba ni hatimin, wani zai yi."

"Rubutun manhajar naku ne, yau zan kawo muku shi duka. Hatimin kuwa sunana ne."

"Ka san zan iya sa a yi maka wannan tambayar a wani wuri?"

"Na sani."

Kada ku ɗauka jarumta ce ta cece ni. Na dawo shago na gaya wa Malam Yohanna. Ya miƙo hannu na ba shi kilen da hatimin yake ciki, ya ɗora a kan dakali, ya ɗauko guduma ya niƙe shi kamar daddawa. Ya sa na goge wanda ke cikin kwamfutar shago a gabansa. Ya ce, "Abin da babu, ba a ƙwace shi." Sannan ya sa babbar riga ya tafi gaida wani babba a gari, wanda Malam kaɗai ya iya gyara masa injin buga takardunsa. Abin da suka tattauna ban sani ba. Ba a dai zo ɗaukata ba. Amma da gudumar nan aikina ya ƙare. Manhajar da na yi shekara ina reno, ni kaina ba zan ƙara iya aika mata ko waƙafi ba.

Kamfani ya ɗauko wani yaro daga Yamai, Injiniya ake ce masa, da jaka mai taya. Tunda ba hatimina, dole ya bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya da ƙafarsa, ya cire tawa ya girka tasa. Ayari kuwa ba kullum yake tashi ba. Kafin ya kai sansanin ƙarshe, Attaher ya shigo gari hutu, ya biyo ta shago da kwamfutarsa a cikin mayafi, wai maɓalli ɗaya ya maƙale. Na ja shi bayan shago na gaya masa abin da ke tafe.

Ya ɗora hannu a kan kwamfutar. Ya ce, "Hoton biki ne kawai."

Na ce, "Fuskar Sidi ce a ciki. In sun san fuskar, bikin ba zai cece ka ba."

Na ce ya bari in kwafe masa a kile. Ya ce a shingen hanya har cikin rawani ake lalubawa. Na ce to in ajiye masa a nan shago, in ɓoye inda ba mai gani. Ya girgiza kai. "Kai an riga an sa maka ido. In aka samu a wurinka, kai da tsoho kun shiga. Goge. Sidi yana nan, in ya sauko zan ɗauki wasu."

Nan ma ku saurara, domin kun ɗauka gogewa danna maɓalli ne. In ka goge fayil, sunansa kawai ka cire daga ƙofa, shi yana nan kwance a ɗaki, duk wanda ya san hanya zai fito da shi. Na san in kwamfutar ta faɗa hannun masu bincike, za su kai ta wurin wanda ya san hanya. Saboda haka ban tsaya a gogewa ba. Na cika duk wurin da hotunan suka kwanta da shara, na share, na sake cikawa, na sake sharewa, tun hantsi har aka kira azahar. Da na gama na gwada da kayan tono nawa, irin waɗanda nake dawo wa mutane da takardunsu da su. Ko ƙurar hoto ban samu ba. Na ce masa, "Yanzu ba mai iya dawo da su." Na gyara masa maɓallin da ya maƙale, ya koma sansani.

Kada ku ji na ce Injiniya bai iya aiki ba. Yaron ya iya. Abin da aka ce ya yi, ya yi shi tsaf, ya tashi a kan Windos, ya tashi a kan Mak, ya tashi a kan Linuks, ba tuntuɓe ko ɗaya. Kumandan ya ba shi kalmomin da za a nema a sunayen fayiloli, shi kuma ya zuba su yadda aka ba shi. To a Faransanci, kalmar da ake kiran nakiyar da ake binnewa a hanya, ita ce dai kalmar da ake kiran wurin haƙar ma'adini. A kamfanin haƙa! Ranar da faranti ya kama rezo, kowace kwamfuta ta fara aman sunaye. Ta Ba'indiye ta turo, ta ɗan Sin ta turo, ta mai kula da abinci ta turo. Wadda ta fi kowa laifi ita ce ta Mushe Bit-bit, wadda kusan duk abin da ke cikinta da kalmar ya fara. Farantin ya shaƙe, aka yi mako ba a aika bayanin rami ko ɗaya ba. Shoferorin kamfani suka riƙa zuwa shago suna ba mu labari, muna dariya har da riƙe ciki.

Dariyar ba ta daɗe ba. Kumandan ya zauna da tulin sunayen nan, ya ga in ya bi manhaja sai ya kama kamfanin gaba ɗaya har da mai biyansa albashi. Sai ya yi abin da tun farko ba ya buƙatar kwamfuta kafin ya yi. Ya tsallake Bature, ya tsallake Ba'indiye, ya tsallake mutanen kudu, ya tsaya a kan masu rawani. A kwamfutar Attaher an samu taswira mai ɗauke da kalmar nan, da jan layi daga sansani zuwa wurin haƙa. Mushe ne da kansa ya raba wa kowa ita, tana cikin kowace kwamfuta a kamfanin. Wani shofer ya ce mini yana tsaye aka sa Attaher a bayan mota, shi da kwamfutar. Ya ce Mushe yana cikin tanti, bai fito ba.

Sauran shekarar ba abin faɗi ba ne. Labari ya zagaya cewa Laminu mai taurin kai ne, ba kamfanin da ya ƙara leƙo mu. Dokar hana yawo ta kashe sibar, don masu zuwa da yamma su ne kasuwarmu. Na koma buga katin biki da zuba wa mutane waƙoƙi a waya, ni da na haɗa Mak da Linuks a tsakiyar hamada. Malam Yohanna ya gaji, ya bar mini shagon ya koma Maradi wurin ƴaƴansa. Kamfanin ma bai kai labari ba. Darajar yuraniyom ta sauka, suka sayar da takardar izininsu ga wasu, Mushe ya hau jirgi bit-bit. Suka bar ramuka a daji, awaki na faɗawa.

Bayan an yi sulhu an fara sakin mutane, wata safiya ina cikin hura wata kwamfuta sai inuwa ta rufe ƙofa. Attaher ne. Ya rame har rawanin ya fi ƙarfin kansa, in zai saurare ka sai ya juyo da kunnen hagu. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, irin tasu. Ban tambaye shi inda aka ajiye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Na aika aka kawo garwashi, ya karɓi butar daga hannuna, ya ce har yanzu ban iya shayi ba.

Sai da muka sha na farko ya kwance mayafi ya fito da kwamfutar. Sun mayar masa da ita, allon ya tsage, robar tana nan.

Ya ce, "Sidi bai sauko ba."

Na yi masa ta'aziyya.

Ya ce, "Tsohuwa yana so ya ga fuskarsa. Ba mu da hoto ko ɗaya, duk a nan suke. An ce kai kana dawo da abin da aka goge."

Na san amsar, amma na karɓa. Na cire rumbun ajiyarta na haɗa da kwamfutata, na sa duk kayan tonon da nake da su, har da waɗanda na samu bayan tafiyarsa. Yana zaune yana kallon allo, layi yana tafiya a hankali. Taswirar Mushe ta fito. Bayanan ramuka suka fito, rami bayan rami, da zurfinsu da irin dutsensu, ba wanda ya ɓata. Inda hotunan suke kuwa, shara ce kawai, wadda na zuba da hannuna. Muka kai la'asar a haka.

Ya ce, "Ranar nan ka ce ba mai iya dawo da su."

Na ce, "Na faɗa."

"Ko kai?"

"Ko ni."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauraye kofunan shayin ɗaya bayan ɗaya, ya kife su a kan tire. Ya mayar da rumbun da kansa, ya ɗaure robar, ya naɗe kwamfutar cikin mayafi. A bakin ƙofa ya juyo mini da kunnen hagu, kamar yana jiran in ƙara wata magana.

Ya ce, "Su ma can sun nema, ba su samu ba. Ka iya aiki, Laminu."

Ya saɓa kwamfutar a kafaɗa ya nufi tasha.